Sunan da Na Ƙi Koya wa Kwamfuta

Akwai maganar da kuke yi a gidan nan duk lokacin da aka taru da salla, kuna yi kuna dariya, ni ma ina taya ku, amma a fatar baki kawai. Wai ranar da yayarku ta yi haihuwar fari, Inna tana can tana biya wa kwamfuta karatu. Autanku ya fi kowa iya faɗinta, shi da a lokacin ko wando bai iya ɗaurawa ba. Yayarku ita ba ta taɓa faɗi ba, ba ta kuma taɓa yin dariyar ba, kuma shirun nan nata ya fi mini surutunku ciwo. To yanzu da idona ya fara gajiya, bari in rubuta yadda abin ya kasance, in ya so ku ci gaba da tsokanarku da sani.

Kun san na yi aikin buga tafireta a sakatariyar Anka har na ajiye. Ina zaune gida ina kiwon awakina sai bala'in gubar dalma ya sauko wa ƙauyukanmu. Maza suka rinƙa kwaso dutsen zinare suna kawowa gida, mata na dakawa a turmin da suke dakan gero, ƙurar na zuba a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna sa hannu a baki. Yara suka rinƙa jijjiga suna mutuwa a Yargalma, da Tungar Guru, da Sunke, har aka rasa bakin yi wa juna gaisuwa. Da masu aikin lafiya suka zo, sai suka shiga bin gari gari suna ɗibar jinin yara, kowane yaro da katinsa: sunansa, sunan ubansa, garinsu, shekarunsa, nauyinsa. In an auna jinin sai a buga sakamakon a ƙasan katin. Kafin a ce me, katuna sun cika kwalaye, kwalaye sun cika ɗaki. Wani ya tuna akwai tsohuwa mai saurin hannu a bayan kasuwa, aka aiko mini.

Wanda na yi aiki a ƙarƙashinsa sunansa Nasiru, ɗan Gummi ne, na girme shi nesa ba kusa ba, kuma Inna yake ce mini tun ranar farko. Shi ya kawo wata na'ura mai ɗaukar hoton takarda, da manhajar da ke karanta rubutun da ke cikin hoton. Ya bayyana mini cewa abin nan ba ido ne da shi ba, ƙamus ne a cikinsa: in ya ga baƙaƙe sai ya duba ko ya san kalmar, in ya sani ya wuce, in bai sani ba ya ja mata jan layi ya ture katin gefe. To wanda ya haɗa ƙamus ɗin ga alama bai taɓa jin labarin Zamfara ba. Ige bai sani ba, Hassi bai sani ba, Bukkuyum kuwa ko kusa. Aikina shi ne in buɗe ƙamus ɗin, in rubuta kalmar daidai, in danna ajiya. Da na yi haka sai duk katin da ke ɗauke da ita ya wanke, jan layin ya ɓace. Wallahi da farko har daɗi abin yake mini, kamar tsintar tsakuwa a shinkafa. Amma daɗin bai daɗe ba da na gane dalilin gaggawar. Sai katin yaro ya wanke ne kwamfuta ke duba sakamakon jininsa, ta jera waɗanda gubar ta fi yi wa yawa, a tura mota ta ɗauko su su fara shan magani. Ga damina ta matso, kuma kun san hanyoyin can in ruwa ya sauka. Duk jan layin da na bari ya kwana, yaro ne na bari ya kwana da guba a jikinsa. Na daina cin abincin rana a kan lokaci, ina barci ina ganin ja.

A gida kuma yayarku ta dawo goyon ciki, watanta ya kama. Na tara itacen wanka a bayan ɗaki, na sayi babbar tukunya, na tanadi kanwa da yaji da gero, komai na nan sai jiran rana. Babanku, Allah ya jiƙansa, ya ce mini in ajiye aikin nan har a yi arba'in, domin shi bai ga yadda za a ce ɗiya na gida da tsohon ciki uwarta na bin takardu ba. Na ce masa ya yi haƙuri, ofis ɗin nan da ƙafa nake zuwa, ko tari ta yi a aiko yaro zan iso. Na yi alkawari, kuma da zuciya ɗaya na yi shi.

Ranar da abin ya ɓullo, ina cikin kwalin Yargalma ne. Sai ga wani kati, wurin suna an rubuta Mai Sunan Baba, wurin sunan uba an rubuta Maigida. Na yi murmushi, don na san yadda aka yi. Maza suna ramin zinare, mata ne suka kawo yara su kaɗai, ga layi har bakin gari. An tambayi yarinya sunan ɗanta na fari, wanda kuma aka sa wa sunan surukinta, ai ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta faɗa ba. Sunan miji ma haka. Mai rubutu kuma ga kuka ga turereniya, ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Na duba gaba, sai ga wani irinsa, ga wani, ga wani. Na yi yadda na saba, na shigar da kalmomin biyu cikin ƙamus. Nan take jan layi ya ɓace, kwamfuta ta tattara katunan nan duka ta ce yaro ɗaya ne, tunda suna ɗaya, uba ɗaya, gari ɗaya. Ta ga gubar jininsa ta hau can sama, ta ga a kati na ƙarshe ta sauko, sai ta cire shi daga cikin waɗanda za a ɗauko, wai ya samu sauƙi. Nasiru da ke bayana har ya ce alhamdu lillahi, ga guda ya tsira.

Ni kuwa ban yarda ba. Na jawo katunan da hannu na shimfiɗa a kan tebur. Wannan shekararsa biyu, wancan biyar, wani ma bai yi shekara ba. A tsakiyarsu akwai guda, ɗan shekara uku, da sakamakon da tun da na fara aikin ban ga mai yawansa ba. Kuma an daɗe da ɗibar jinin.

"Nasiru," na ce, "kai innarka mi taka ce maka?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya dafe kai da hannu biyu. Shi ma ɗan fari ne, har ya yi gemu innarsa wancan yaron take ce masa. Shi da kansa ya nuna mini inda ake goge abin da aka sa a ƙamus, na goge, jan layi ya dawo. Ban taɓa jin daɗin ganin ja ba sai ranar. Muka yi shawara cewa duk sunan kunya irin wannan ba zai shiga ƙamus ba, gara katin ya tsaya gefe ya yi ta damunmu da a ce ya wuce shiru. Amma gogewa ba ta ɗauko yaro. Dole wani ya je Yargalma ya bi gida gida ya gano wane ne wane, kuma dole mace, don namiji iyakarsa zaure. Matan da ke aikin jinya kuwa ko numfashi ba su samu, ɗaki cike yake da yara. Nasiru bai ce in je ba, Allah ya sani. Kallon katin ya yi ta yi, ni ma ina kallo.

Da na gaya wa babanku, ya daɗe yana jan carbi. Can ya tambaye ni ko a duk Anka ni kaɗai ce mace mai ƙafa. Na ce a'a, amma ni ce na ga katin. Ya ce alkawarin fa? Na ce kwana ɗaya ne, in tafi yau in dawo gobe. Yayarku tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, tana jin mu. Ku da kuka taso yanzu kuna rungumar 'ya'yanku na fari a gaban mutane ba za ku gane ba. Ni tarbiyyar da aka yi mini, ko kallonta ba na yi sosai a gaban babanku, balle in zauna kusa da ita in ce ina jin tsoro dominta. Kuma ina ji, tsoron da har ƙashina yake kaiwa, domin ni na san abin da na sha wajen haihuwarta. Sai na tsaya ina gyaran itace da ba ya bukatar gyara.

"Ki tahi, Inna," ta ce, idonta a ƙasa. "Ai da saura."

Nasiru ya haɗa ni da mota da direba. A Yargalma na nemi ungozomar gari, wata tsohuwa da ake kira Gwaggo Tumba, mai ƙaramin jiki da babbar murya, wadda kusan duk yaron garin a hannunta ya faɗo. Ita ba ta da kunyar sunan kowa. Muka yi ta shiga gidaje, tana gaba ina baya da katuna a jaka. Ta nuna wannan ta ce Haruna ne, wancan Isiyaka, jaririn nan Bello, ni kuma ina dubawa da shekaru ina rubuta sunan gaskiya a bayan kowane kati da fensir. Akwai gidan da muka shiga, ta kama hannuna ta juya da ni tun daga tsakar gida, ta ce na nan an riga an kai shi. Na tambayi shekarunsa da ƙyar, ta ce bai yi biyu ba. Allah ya yafe mini, na ji sanyi a raina cewa ba ɗan shekara ukun nan ba ne, sannan na ji kunyar sanyin. Har rana ta yi sanyi kowane kati ya samu mai shi, ban da na ɗan shekara ukun nan. Gwaggo Tumba ta zauna a kan turmi ta yi ta lissafi da yatsu, ta bi layin masallaci ta dawo ta bi na rijiya. Sai ta tafa hannu ta ce Luba. Wata yarinya ce da aka auro daga wani ƙauye bayan Gummi, mijinta ya bi zinare ya yi gaba, ita kuma iyayenta suka zo suka ɗauke ta da yaron. Sunansa Sa'idu. Ta ce tun kafin su tafi ba ya son abinci, kuma ya daina wasa.

Dole muka kwana, don direba ya ce ba ya bin hanyar nan da duhu. Da safe na hau wani tudu inda waya ke kamawa, sai ga kiran babanku. Naƙuda ta fara tun asuba, maƙwabciyarmu tana tare da ita, in taho yanzu. Ban san yadda na sauko tudun nan ba. Muka kama hanya, ina bayan mota ina ta salati, hannuna ɗaya a kan jakar. Da muka hau kwalta direba ya tsaya, don nan hanya ta rabu, ɗaya ta yi Anka ɗaya ta yi Gummi. Gabas ta haɗa hadari baƙi ƙirin. Na kira Nasiru ko akwai wadda za a tura, ya ce zai nema, amma gaskiya ba yau ba, motar ma ita ke nan, kuma in ruwan nan ya sauka rafin da ke bayan Gummi sai yadda Allah ya yi. Ya ce in tafi gida, ba wanda zai ga laifina. Na san da gaske yake. Na zauna ina gaya wa kaina cewa yayarku tana da babanku, tana da maƙwabta, ga asibiti a bakin hanci, shi kuwa yaron nan a duk duniya ba wanda ya san abin da ke cikin jininsa sai ni da Nasiru. Na faɗa wa kaina haka sau da yawa, kuma ko sau ɗaya bai sa hankalina ya kwanta ba. Direba dai ya riƙe sitiyari bai waiwayo ba.

"Mu tai Gummi," na ce.

Ƙauyen ƙarami ne, ba mu sha wahalar gane gidan ba. Na yi sallama na shiga, na tarar da mata a ƙarƙashin rumfa suna ɓarar gyaɗar iri, tsofaffi da 'yan mata da matan aure. Aka ba ni tabarma da ruwa, aka gaisa, sai dai tun da suka ji ƙarar mota fuskoki suka canja. Da na ce daga Anka nake, ina neman wata Luba da ta zauna Yargalma, sai babbarsu, wata dattijuwa mai tsagen gado a kumatu, ta ce su nan ba su san wata Yargalma ba, ƙila gaba ne. Daga baya na gane dalili: an gaya musu hukuma na kama duk wanda ya daka dutse a gida, suna tsoron a ce ta bakin 'yarsu aka kama surukinsu. Na rantse, na yi bayani, na fito da kati, ta ce ita ba ta karatun boko. Na dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya, kowace ta sunkuya a kan gyaɗarta. Iska ta fara kaɗa zanen da aka shanya, na ji tsawa daga nesa, direba ya danna oda sau ɗaya. Na ce a raina, na bar ɗiyata a kan gwiwa na zo nan in koma hannu rabbana?

Sai na miƙe kamar zan tafi, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"To shi ke nan. In kun ga uwar Sa'idu, ku hwaɗa mata jinin Sa'idu ba shi da kyau."

Wata yarinya siririya da ke can gefe ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa rumfar baya. Ba ta yi niyya ba, jikinta ne ya yi da kansa, yadda nawa zai yi in an ambaci yayarku a gabana. Kowa ya gani. Dattijuwar ta dube ta, ta dube ni, ta ajiye ƙwaryar da ke cinyarta. Na durƙusa a gabanta na ce ni ba hukuma ba ce, uwa ce, kuma yanzu haka tawa ɗiyar tana naƙuda na baro ta. Ban san zan yi kuka ba sai da na ji gishiri a bakina. Ta tashi, ta ɗaga labulen wani ɗaki. Yana kwance a kan tabarma, ga ƙwaryar rubutu a gefensa, ga ƙaurin hayaƙin magani, sun yi iya abin da suka sani. Idonsa biyu amma ba ya bin kowa da kallo.

Muna sa shi a mota wayata ta yi ƙara. Babanku ne. Yayarku ta sauka, namiji, ta sha wuya ƙwarai, ta zubar da jini har an kai ta asibiti an ƙara mata ruwa, amma tana lafiya. Ya ce ta yi ta tambaya ko na iso. Ya faɗi wannan a hankali, sannan ya kashe wayar.

Muka ƙetare rafin ruwa na fara sauka. Luba na tsakiya da yaron a cinya, innarta dattijuwar nan a gefe ɗaya, ni a ɗaya. Mun wuce Ɗaki Takwas da kaɗan sai yaron ya sanƙare, idonsa ya juye, hannu da ƙafa suka kama karkarwa, kumfa na fita a bakinsa. Na karɓe shi na kwantar da shi a gefensa yadda na ga masu jinya na yi, dattijuwar na ta innalillahi, direba ya taka mota har tana rawa a cikin ruwa. Jijjigar ta ƙi tsayawa. Leɓensa ya fara canja launi, ni kuma ba abin da ke hannuna sai kati da fensir. Can ya saki gaba ɗaya, ya yi lakwas, ban ji numfashi ba. Luba da tun daga gida ko tari ba ta yi ba ta fizge shi daga hannuna, ta kafa bakinta a kunnensa.

"Sa'idu! Sa'idu! Sa'idu, tashi, ni ta, Inna ta. Sa'idu!"

Ta yi ta kira har muryarta ta dishe. Ban san tsawon lokacin ba. Sai ya ja wani dogon numfashi mai ƙara, ya yi tari, ya fara wani ɗan siririn kuka. Luba ta ƙanƙame shi tana haki. Sannan ta ɗago ta ga innarta, ta ga ni, ta ga ƙeyar direba, sai ta tuna abin da bakinta ya faɗa, ta ja mayafi ta rufe fuska har wuya. Dattijuwar ta share idonta da gefen zane, ta dubi titi.

"Ba wanda yaj ji komi," ta ce.

Aka karɓe shi a ƙofar asibitin Anka da gudu. Ya sha magani wata da watanni, ya tashi, ko da yake kunnensa ɗaya bai dawo ba. A ranar dai na miƙa wa Nasiru katunan da sunayen a bayansu, ya ce in bari shi zai shigar. An riga an sallami yayarku. Ruwa ya ɗauke, na kama hanyar gida da ƙafa, ina tafe ina zamewa a taɓo. Tun daga nesa na hango hayaƙi na tashi daga bayan ɗakina, wata ta hura itacen da na tara ta ɗora ruwan wanka. Na daɗe tsaye a ƙofar gidana ban san da wane baki zan yi sallama ba.